Ciwo Ɗaya, Asali Uku: Mutuwar Fuju'a Ta Gado Da Yadda Ake Gane Ire-irenta



Gabatarwa

A ƙasar Babura, da Kazaure, da Roni, da Gwiwa, kamar dai sauran ƙasar Hausa, akwai wasu labarai uku waɗanda da wuya a sami dattijon da bai taɓa jin irinsu ba. Na farko shi ne na yaron da ya iya ruwa sarai, ya shiga kududdufi da damina tare da tsaransa, ruwan ma bai kai masa wuya ba, sai gawarsa aka tsamo. Na biyu shi ne na mace mai jego wadda wata ƙara ta firgita ta cikin barci, ta zabura, ta yanke jiki ta faɗi. Na uku shi ne na saurayin da ya ci tuwon dare lafiya lau, aka je tashinsa sallar asuba aka tarar rai ya yi halinsa. Galibi akan ce farfaɗiya ce, ko iska, ko jifa, sa'an nan a yi jana'iza kafin azahar, a koma zaman makoki, magana ta wuce.

Ajali gaskiya ne, amma ajali yana zuwa da sababi, kuma addini ya yi umurni da neman magani. Ba kowace mutuwa irin wannan ce take da sababi ɗaya ba. Sai dai akwai wani ciwo na gado wanda yake kawo dukkan ukun, sunansa a wurin likitoci ciwon tsawaitar QT. Maƙasudin wannan lacca shi ne a nuna cewa wannan ciwo, ko da yake sunansa ɗaya ne, asalinsa iri-iri ne, kuma kowane iri yana da lokacin da ya fi kai farmaki. Saboda haka tambayar da ta fi kowace muhimmanci bayan mutum ya suma ko ya mutu ba zato ba tsammani ita ce: me yake yi a lokacin da ya faɗi? Amsarta takan nuna irin ciwon, irin ciwon kuwa shi yake nuna abin da za a guje wa da maganin da za a bai wa 'yan'uwan da suka rage.

Yadda Zuciya Take Bugawa

Zuciyar baligi takan buga sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, watau kimanin sau 100,000 a kwana guda. Kowane bugu yana farawa ne da ɗan lantarki wanda zuciya take ƙirƙira da kanta. Wannan lantarki yana samuwa daga shige da ficen wasu gishirai ta bangon ƙwayoyin tsokar zuciya. Bangon yana da ƙananan ƙofofi, kowace da gishirin da take bari ya wuce. Idan ƙofar sodiyam ta buɗe, sodiyam ya kwarara ciki, sai ƙwayar ta ɗauki caji, kalsiyam ya biyo baya, tsoka ta matse, jini ya fita. Daga nan sai ƙofofin fotasiyam su buɗe, fotasiyam ya fita waje, ƙwayar ta koma yadda take, ta shirya wa bugu na gaba.

Na'urar awon lantarkin zuciya, wadda ake kira ECG a asibiti, tana zana wannan aiki a kan takarda. Willem Einthoven na ƙasar Holan ne ya kyautata ta a farkon ƙarni na 20, ya sami lambar Nobel saboda ita a 1924, kuma shi ya raɗa wa tudu da kwarin zanen sunayen haruffa: P, Q, R, S, T. Tazarar da take tsakanin Q da ƙarshen T ita ce lokacin da manyan ɗakunan zuciya suke ɗauka daga ɗaukar caji zuwa komawa daidai. Ana auna ta da milisakan, watau kashi ɗaya cikin dubu na sakan, kuma akan daidaita ta da saurin bugun zuciya bisa wani lissafi da Henry Bazett ya fitar a 1920. Ga namiji, abin da ya wuce 450 ya fara tsawo, ga mace kuwa 460. Idan ta kai 480 a awo fiye da ɗaya, ba tare da wani dalili na daban ba, to, an kama ciwon. Idan ta kai 500 ko ta wuce, hatsarin ya yi yawa.

Illar tsawon ita ce, wani bugu yakan faɗo alhali wasu ƙwayoyin sun gama shiri wasu ba su gama ba. Sai lantarkin ya rikice ya yi ta zagaye, zuciya ta riƙa kaɗawa da gudun da ya wuce 200 a minti, ba ta tura jini. François Dessertenne na Faransa ne ya siffanta wannan rikici a 1966. Cikin 'yan sakanni ƙwaƙwalwa takan rasa jini, mutum ya faɗi, wani lokaci har da shure-shure da sakin fitsari, abin da ya sa ake ɗaukarsa farfaɗiya. Sau da yawa rikicin yakan lafa da kansa, mutum ya farfaɗo kamar ba abin da ya faru. Ran da bai lafa ba, ita ce mutuwar fuju'a.

Yadda Aka Gano Ciwon

A 1856 wani likita a birnin Leipzig na Jamus, Friedrich Meissner, ya rubuta labarin wata yarinya kurma da ta faɗi ta mutu ana cikin yi mata faɗa a makaranta, kuma 'yan'uwanta maza biyu sun riga sun mutu haka nan bayan firgita ko fushi. A lokacin babu na'urar da za ta nuna dalili. Sai a 1957 ne Anton Jervell da Fred Lange-Nielsen na ƙasar Norwe suka ba da bayanin wani gida mai 'ya'ya shida, huɗu daga cikinsu kurame masu yawan suma da doguwar tazarar QT, uku kuma suka mutu suna da shekara 4, da 5, da 9. A 1963 Cesarino Romano na Italiya, sa'an nan a 1964 Owen Conor Ward na Ayalan, suka ga irin wannan ciwo a gidajen da babu kurumta. Daga nan aka gane cewa mai zuwa ba tare da kurumta ba shi ne ya fi yawa nesa ba kusa ba.

A 1979 Arthur Moss na Amurka da Peter Schwartz na Italiya suka buɗe rajistar ƙasa da ƙasa ta gidajen da suke da ciwon, suna bin tarihinsu shekara da shekaru. Wannan rajista ce ta share fage ga masu binciken ƙwayoyin gado, watau umurnin halitta da ɗa yake karɓa, rabi daga uwa rabi daga uba. A 1991 Mark Keating da abokan aikinsa a Jami'ar Utah suka danganta ciwon da kuromosom na 11. A 1995 aka gano ƙwayoyin gado biyu, KCNH2 a kuromosom na 7 da SCN5A a kuromosom na 3, kana a 1996 aka gano ta kuromosom na 11, wadda ake kira KCNQ1. Kowace ɗaya daga cikin ukun nan umurni ce na ƙera ɗaya daga cikin ƙofofin da aka ambata.

Daga baya an yi ta ƙara wasu har lissafi ya kai 17. Amma a 2020 wani kwamitin masana na duniya ya sake tace hujjojin, ya tarar waɗannan ukun na farko su ne tabbatattu ga ciwon da aka saba gani. Ban da su akwai 'yan kaɗan masu kawo ire-iren da ba safai ake gani ba, irin su ƙwayoyin CALM guda uku da TRDN, masu tsanani ga ƙananan yara. Ukun farko su ne sababin kimanin kashi 75 cikin 100 na waɗanda aka tabbatar suna da ciwon.

Game da yawansa kuwa, wani bincike da aka buga a 2009, wanda aka yi wa jarirai sama da 44,000 awon zuciya a Italiya, ya nuna kusan mutum ɗaya cikin 2,000 zuwa 2,500 ne yake ɗauke da shi. Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Babura mutum sama da 200,000. Idan aka ɗora lissafin Italiya a kan wannan adadi, zai ba da mutum 80 zuwa 100, kuma ba a warwatse suke ba, a cikin gidaje ƙalilan suke tattare.

Ire-iren Ciwon Guda Uku

Iri na ɗaya, LQT1, shi ya fi yawa. Lahanin yana cikin KCNQ1, mai ƙera ƙofar fotasiyam mai buɗewa sannu a hankali. Aikin wannan ƙofa yana bayyana ne sa'ad da mutum yake gudu ko aikin ƙarfi, domin a lokacin ne jiki yake sakin sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara sauri, ya zama tilas tazarar QT ta gajarta. Idan ƙofar ba ta da ƙarfi, zuciya za ta yi sauri amma tazarar ba za ta gajarta yadda ya kamata ba. Don haka mai wannan iri yakan faɗi ne a filin ƙwallo, ko wajen langa da kokawa, ko cikin fushi mai tsanani. Iyo ya fi kome hatsari gare shi, domin ya haɗa aikin ƙarfi, da riƙe numfashi, da sanyin ruwa a fuska. Yara maza kafin balaga su ne suka fi shiga hatsari. Wannan shi ne yaron kududdufi, kuma abin lura ne ga duk garin da yake kusa da ruwa kamar madatsar ruwa ta Kazaure.

Iri na biyu, LQT2, lahaninsa yana cikin KCNH2, mai ƙera ƙofar fotasiyam mai saurin buɗewa. Abin da ya fi ta da shi shi ne firgita, musamman ƙarar da ta zo ba zato mutum yana hutawa ko barci: ƙarar waya, agogo mai ƙararrawa, tsawa, ko harbin bindiga. A nan mata bayan balaga sun fi maza shiga hatsari, kuma hatsarin yakan ƙaru a watanni tara na farko bayan haihuwa. Ya kamata a bambanta wannan da kumburin zuciya na masu jego, wanda Davidson da Parry suka yi nazari a kansa a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya a shekarun 1970. Wancan yakan zo da kumburin ƙafa, da haki, da tari, har mace ta kasa kwanciya. Wannan kuwa mace tana garau, ba kumburi ba haki, sai suma kawai.

Iri na uku, LQT3, bai kai kashi 10 cikin 100 ba a galibin ƙididdiga, kuma hanyarsa dabam ce. Lahanin yana cikin SCN5A, mai ƙera ƙofar sodiyam. A ire-ire biyun farko, ƙofar fita ce ba ta buɗewa sosai. A wannan kuwa, ƙofar shiga ce ba ta rufewa gaba ɗaya, sodiyam yana ta yoyo ciki bayan lokacinsa ya wuce. Illar takan fi bayyana sa'ad da zuciya take tafiya a hankali, watau cikin hutu ko barci. Suma ba ta da yawa a wannan iri, amma idan farmakin ya zo ya fi zama ajali. Wannan shi ne saurayin asuba.

Ba hasashe ba ne wannan rabe-rabe. A 2001 Schwartz da abokan aikinsa suka buga nazarin mutum 670 waɗanda aka san irin ƙwayar gadonsu kuma suka taɓa suma ko tsayawar zuciya. A iri na ɗaya, kashi 62 cikin 100 na farmakin ya zo ne wajen motsa jiki, kashi 3 kacal cikin hutu ko barci. A iri na biyu da na uku, kashi 13 ne kawai wajen motsa jiki, cikin hutu ko barci kuwa kashi 29 ga na biyu, kashi 39 ga na uku. Waɗannan alƙaluma suna nuna rinjaye ne, ba ƙa'ida marar togaciya ba. Har ila yau siffar tudun T a takardar awo takan taimaka: a iri na ɗaya mai faɗin gindi ne, a na biyu gajere ne mai tsaga a kai, a na uku kuwa yakan makara sa'an nan ya fito da tsini.

Gado, Kurumta Da Auren Zumunci

A yawancin gidaje, ƙwaya ɗaya mai lahani daga uwa ko daga uba ta isa ta kawo ciwon. Kowane ɗa na mai ɗauke da ita, mace ko namiji, yana da rabin yiwuwar ya gada. Wannan ya bambanta da amosanin jini, watau sikila, inda sai an gaji biyu ciwo yake bayyana. Amma fa ba duk wanda ya gada ne yake suma ba. Da yawa sukan tsufa ba su taɓa jin kome ba, kuma kimanin kashi ɗaya cikin huɗu takardar awonsu ma takan fito daidai, alhali za su iya miƙa wa 'ya'yansu. Shi ya sa ciwon yakan yi kamar ya tsallake uba ya faɗa kan jika.

Idan kuwa ɗa ya gaji KCNQ1 mai lahani daga uwa da uba duka biyu, sai a sami abin da Jervell da Lange-Nielsen suka gani, kamar yadda aka tabbatar a 1997. Dalilin kurumtar shi ne, wannan ƙofa ta fotasiyam tana aiki a can cikin kunne, ita take zuba fotasiyam a ruwan da ji ya dogara a kansa. Wannan iri ya fi duka tsanani. A wani nazari na mutum 187 da aka buga a 2006, rabinsu sun fara suma kafin su wuce shekara 3.

A nan ne maganar auren zumunci take shigowa. Idan mutum yana ɗauke da wata ƙwaya da ba a cika samu ba, yiwuwar ɗiyar baffansa ko ta kawunsa tana ɗauke da ita ɗaya ce cikin takwas, alhali ga bare ba ta kai ɗaya cikin dubu ba. Idan ma'aurata duka biyu suna ɗauke da ita, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na gadar biyun. Wannan ba kira ba ne a bar auren zumunci, wanda addini ya halatta kuma yake ƙarfafa dangantaka. Kira ne ga gidan da aka san yana da kurumtar haihuwa tare da suma, ko mutuwar fuju'a ta yara, da ya nemi awo kafin a ɗaura aure. Jama'a sun riga sun saba da gwajin jini saboda sikila, har Jihar Kano ta mai da gwajin lafiya kafin aure doka a 2024. Haka kuma mafi yawan kurame ba su da wannan ciwo ko kaɗan. Amma duk yaron da aka haifa kurma ya cancanci awon zuciya ko da sau ɗaya, kuma makarantu irin ta Tudun Maliki da ke Kano, wadda aka buɗe a 1977, wurare ne da suka dace da wannan aiki.

Darasi Daga Afirka

Misali mafi girma a wannan nahiya yana Afirka ta Kudu. Paul Brink da abokan aikinsa na Jami'ar Stellenbosch sun bi salsalar gidaje da dama masu lahani iri ɗaya a KCNQ1, wanda ake kira A341V, suka tarar duk sun fito ne daga miji da mata guda da suka yi aure a farkon ƙarni na 18. Da yawa daga cikin zuriyar an daɗe ana ɗaukarsu masu farfaɗiya kafin a gane gaskiya. Darasin a bayyane yake: ƙwaya ɗaya tana iya bin zuriya shekara ɗari uku tana kashe matasa, kowane gida yana zaton nasa jarrabawa ce ta dabam.

Akwai kuma wani abu da ya shafi mutanen Afirka ta Yamma kai tsaye. A 2002 Igor Splawski da abokan aikinsa suka ba da rahoton wani ɗan bambanci a SCN5A, mai suna S1103Y, wanda kimanin kashi 13 cikin 100 na baƙaƙen fatar Amurka suke ɗauke da shi, kuma ana samunsa a tsakanin mutanen Afirka ta Yamma. Shi kaɗai ba ciwo ba ne, kuma mafi yawan masu shi ba abin da zai same su. Sai dai yana ƙara yiwuwar rikicewar bugu idan ya haɗu da wani abu, kamar wasu magunguna ko ƙarancin fotasiyam.

Magunguna, Gudawa Da Amai

Ƙofar da KCNH2 take ƙerawa tana da wani hali: magunguna da yawa suna iya toshe ta. Saboda haka ne aka janye terfenadine na mura daga kasuwar Amurka a ƙarshen shekarun 1990, aka janye cisapride na ciki a 2000. Maganin zazzaɓin cizon sauro halofantrine, wanda aka sayar da sunan Halfan, an gano hatsarinsa ga zuciya a 1993. Cikin waɗanda suke tsawaita QT har da kwinin da kulorokwin, da magungunan ƙwayoyin cuta irin su erythromycin, azithromycin da ciprofloxacin, da na taɓin hankali irin su haloperidol da chlorpromazine. Ga yawancin mutane waɗannan magunguna ne masu amfani, kuma zazzaɓin cizon sauro da ba a yi wa magani ba ya fi su kisa. Amma ga mai ciwon tsawaitar QT, likita ne kaɗai zai zaɓa masa, ba mai kemis ba, ba mai tallar magani a kasuwa ba.

Ƙarancin fotasiyam a jini shi ma yana tsawaita QT, musamman a iri na biyu. Gudawa da amai su ne manyan hanyoyin rasa shi, kuma Jigawa tana cikin jihohin da annobar kwalara ta 2021 ta fi taɓawa. Ruwan gishiri da sukari na haɗin gida yana mayar da ruwa da sodiyam, amma na cikin ƙunshi da ake bayarwa a asibiti shi ne yake da fotasiyam. A abinci kuwa ana samunsa a wake, da gyaɗa, da dankali, da dabino, da ayaba, da ganyaye irin su zogale da alayyafo. Kanwa, ko da yake a Turance wasu suna kiranta da sunan da ya yi kama da fotasiyam, mafi yawanta gishirin sodiyam ne, kunun kanwa ba ya cike wannan gurbi.

Magani Bisa Ga Iri

Hausawa sun ce sanin wurin bugu shi ne ƙira. Bayanan farko sun nuna cewa cikin masu suma da ba a yi wa magani ba, kusan ɗaya cikin biyar yakan mutu cikin shekara guda da sumar farko. Da magani daidai, adadin ya sauko zuwa kusan kashi ɗaya cikin ɗari a tsawon shekaru. Ginshiƙin maganin shi ne ƙwayoyi masu kare zuciya daga bugun adirenalin, kuma biyu ne suka fi inganci, nadolol da propranolol. Propranolol tsohon magani ne mai araha. Sharaɗinsa shi ne kada a yi fashi ko na kwana ɗaya, domin da yawa daga cikin waɗanda suka faɗi suna kan magani, tsallakewa suka yi. Mai azumi sai ya shirya lokutan sha da likitansa tun kafin watan ya kama, mai ciwon asma kuwa sai ya faɗa tun farko.

A iri na ɗaya wannan magani ya fi aiki, sai a haɗa da barin iyo ba tare da mai kula ba, da neman shawarar likita kafin shiga gasar wasanni. A iri na biyu, sai a fitar da waya da agogo mai ƙararrawa daga ɗakin kwana, a riƙa tashin mutum da lallashi, a kula da fotasiyam, mai jego kuma ta ci gaba da shan magani, dangi su taimaka mata da rainon dare don ta sami barci. A iri na uku akan ƙara mexiletine, wanda yake toshe yoyon sodiyam. Idan magani bai wadatar ba, akwai tiyatar yanke wasu jijiyoyi na gefen hagu masu zuga zuciya, wadda Moss da McDonald suka fara ba da rahotonta a 1971. Ga wanda zuciyarsa ta taɓa tsayawa aka ceto shi, akwai na'urar da ake dasawa a ƙirji mai mayar da bugu daidai, wadda aka fara dasa wa ɗan Adam a 1980 a asibitin Johns Hopkins na Amurka.

Kammalawa

Gwajin ƙwayoyin gado shi yake yanke hukunci a kan iri, amma yana da tsada. Abubuwa biyu da suke gabansa kuwa suna kusa: tarihin gida da takardar ECG. Tun da al'ada da addini sun sa ana gaggauta binne mamaci, rayayyun danginsa su ne littafin da ya rage a karanta. Duk gidan da wani ɗan ƙasa da shekara 40 ya mutu fuju'a, ko ya nutse alhali ya iya ruwa, ko aka sami mai suma wajen gudu, ko bayan firgita, ko mai farfaɗiyar da ba ta jin magani, ya kamata iyaye da 'yan'uwa da 'ya'ya su yi awo. Idan aka ga alama, sai a tura su ga likitocin zuciya a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke Kano, ko na Rasheed Shekoni da ke Dutse.

Ga ma'aikatan hukuma akwai aiki a nan wanda ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Na'urar ECG mai aiki, da takardarta, da ma'aikacin da ya iya auna QT, sun fi ginin da ba kowa a ciki amfani. Malamin makaranta da ya ga yaro ya suma a filin wasa, ya rubuta abin da yaron yake yi, ya sanar da iyaye, kada ya ce rana ce ko yunwa ya wuce. Kowa kuma ya koyi ceton gaggawa: idan mutum ya faɗi, ba ya amsawa, ba ya numfashi daidai, a kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirji, a riƙa dannawa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa, har taimako ya zo. Zuba ruwa, da tura cokali a baki, da hayaƙi, ba sa ta da zuciyar da ta tsaya.

Ga ɗalibai kuwa, Babura ta sami Jami'ar Fasaha ta Tarayya a 2021, kuma ilmin da aka zayyana a nan ya faro ne daga likitocin da suka zauna da gida ɗaya suka tambayi wane ne ya mutu, yana da shekara nawa, kuma me yake yi. Kowane ɗalibi yana da kaka ko goggo da ta san tarihin gidansu fiye da kowace rajista. Wanda ya koma gida ya yi waɗannan tambayoyi uku, ya rubuta amsoshin, ya kai wa likita, mai yiwuwa ne ya zama sanadin tsawon kwanan ƙanensa.

Allah Ya ba da lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.